Tambayi Masta: An sa sabon sil, amma baƙin mai bai daina ɗiga ba

Assalamu alaikum jama'ar Zango, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka faɗo, yoyon baƙin mai ta wajen oyil sil, wato zoben robar da ke hana mai fita daga inji, sai na tsamo huɗu daga ciki. Ta farkon na daɗe a kanta don amsarta ta shafi sauran.

TAMBAYA: Salam Masta, ina gaisuwa, ya aiki ya iyali. Yayana da ke Jamus ne ya aiko wa yara irin babur ɗin nan na wasa mai ƙafa huɗu, ɗan ƙarami mai inji 110cc, ya zo a kwantena ta Tema. Ran Lahadi muke kai su fili su hau, da Sallah ma har tafkin Bosomtwe muka ɗora shi a bayan aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, muka je da shi, toh tun bayan nan sai na ga mai yana ɗiga ta gefen hagu wajen magneto mai ba inji wuta, kullum da safe sai ka tarar da baƙi a siminti. Na kai wa wani yaro fita, wato makanike, a unguwarmu ya canja sil, kwana uku ya dawo da yoyo, ya sake canjawa wannan karon ya yi mako ɗaya, yanzu yana ce min wai duk sil ɗin da ake sayarwa a Magazin, unguwar makanikai da kayan gyara ta Suame, jabu ne sai dai in sa a aiko daga waje. Dan Allah Masta gaskiya ne? Yara sun dame ni.
Daga ƙaninka, Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya raya yaran, ya saka wa yayanka da alheri. Kar ka wahalar da bawan Allah da ke Jamus a kan sil. Jabu akwai shi a kasuwa ban musa ba, na sha cin karo da wanda robarsa kamar ta silifas, amma Suame Magazin wuri ne da ake sauke injin tirela a mayar, ba a rasa sil mai kyau na ɗan inji 110 a can ba. Kuma ko jabun ne, da wuya ya mutu cikin kwana uku in an sa shi daidai. Sil ɗin da ya yi yoyo cikin kwana uku, a wajen sawa aka kashe shi, ko kuma tun farko ba shi ne mai laifin ba.

Ka ɗauki sil ɗaya a hannunka ka juya shi ka gani. Zobe ne na ƙarfe da aka lulluɓe da roba, a cikinsa akwai leɓe siriri mai kaifi wanda yake rungume shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa, a bayan leɓen kuma akwai ɗan sifirin zagayayye kamar zare da yake matse shi. Gefe ɗaya a shafe yake, nan ne ake rubuta lamba, ɗaya gefen kuma a buɗe, nan za ka hango sifirin ɗin. Gefen da yake buɗe mai sifirin shi ne yake kallon mai, wato cikin inji, gefen lamba yana kallonka. Na faɗi wannan ne don wallahi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba an kawo min inji na buɗe na tarar an kifa shi a juye, mai yana tura leɓen yana buɗe shi maimakon ya ƙara matse shi.

Abin da yawancin yaranmu ba su sani ba shi ne leɓen nan ba a kan busasshen ƙarfe yake aiki ba, a kan wani ɗan mai siriri da ido ba ya gani yake zamewa. In ka sa shi a bushe ka tada inji, kirankishaf, babban shaf ɗin da fistin ke juyawa, yana juyi dubbai a minti ɗaya, kafin mai ya iso wurin leɓen ya riga ya ƙone. Daga waje ba za ka ga komai ba, sil yana nan sabo fil yana sheƙi, amma bakin leɓen ya yi tauri ya tsattsage, bayan kwana biyu uku sai ɗiga. Ina kyautata zaton abin da ya sami naka na farko ke nan.

Sai lamba. Lambobi uku ne a jikin sil, faɗin ramin ciki, faɗin waje, da kauri, duk a milimita. A yawancin waɗannan ƙananan injuna na kwance 110, sil ɗin kirankishaf na gefen magneto 18.9x30x5 ne, na wajen siroket 17x29x5, na sandar giya 11.6x24x10. Ka lura da 18.9 ɗin nan. Mai shago in ba shi da shi zai iya miƙo maka 20x30x5 ya ce ai duk ɗaya ne zai shiga, kuma lallai zai shiga ramin, amma ba zai kama shaf ba. Don haka ka tafi da tsohon a aljihu, ka karanta lambar da idonka, in ta goge a auna da kalifa, ma'aunin kaurin ƙarfe. Ka nemi mai leɓe biyu wanda ake rubuta TC a jikinsa, leɓe na biyun na waje aikinsa tare ƙura ne, kuma abin hawan da yara ke tuƙawa cikin jar ƙasa da yashin bakin tafki yana buƙatarsa sosai.

Yanzu ga yadda nake so a yi aikin, in ma kana da hali ka tsaya a kan yaron har ya gama. A fara wanke gefen injin tas da kananzir tun kafin a kwance komai, don kar ƙasa ta faɗa ciki. A zare magneto da fula, wato ƙarfen da aka yi don jawo shi, ba da guduma ba, masu dukan kan kirankishaf da guduma su ne ke lalata boris, wato zoben ƙwallayen da shaf ke juyawa a kai, su lanƙwasa bakin shaf sannan a zo ana zagin sil. Bayan magneto akwai faranti da koyil yake zaune a kai, sil ɗin a tsakiyar farantin yake. Toh a nan ka buɗe ido, domin farantin yana da babban zoben roba a kewayensa, sannan akwai ƙanana a ƙarƙashin sukurorin da suka riƙe shi. Waɗannan zobban in sun bushe sun daskare suna yoyo, man ya gangaro ya taru a wuri ɗaya da na sil, mutum ya yi ta canja sil har sau biyar alhali ɗan zoben roba ne ya mutu. Tunda an buɗe farantin nan sau biyu ban ji ka ce an canja su ba, a canja su duka wannan karon.

Kafin a sa sabo, a kama bakin kirankishaf a girgiza shi sama da ƙasa. In ka ji yana motsi ko yana ƙwas-ƙwas, boris ya tafi, kuma babu sil ɗin da zai riƙe mai a kan shaf mai rawa ko daga ina aka kawo shi. In bai motsa ba alhamdu lillahi, sai a duba inda tsohon leɓen yake zama. Lokacin da nake yaron shago, mai gidana Allah ya jiƙansa ba ya barin mu sa sil sai mun bi shaf da farce. Zai kama yatsana ya ɗora a kan ƙarfen ya ce ja a hankali, in farcenka ya maƙale to leɓe ma zai maƙale. Na tuna wata rana na ce masa lafiya lau yake, ya karɓa ya goge da tsumma ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa, sai ga wani zane siriri kamar gashi ya zagaye shaf ɗin, tsohon sil da ƙura sun ci ƙarfen. Ya sa na zauna da sanfefa mai laushi da ɗigon mai ina bi a kewaye, ba a tsaye ba, har wurin ya yi santsi, sannan ya zaunar da sabon sil ɗin ya ɗan saɓa wa tsohon wurin da kamar milimita ɗaya don leɓen ya hau lafiyayyen ƙarfe. Har yau haka nake yi. In ramin ya yi zurfi sosai kuwa, sanfefa ba ta gyara shi, sai dai a sa wa shaf ɗin siririyar riga ta ƙarfe ko a canja shi.

Wajen shafa mai, baƙin man da za ka zuba a injin shi za ka lakata da yatsa mai tsabta ka shafe leɓen ciki da shi, ka shafa wa shaf ɗin ma. Tsakanin leɓɓan biyu akwai ɗan kwari, ka sa giris kaɗan a nan, kaɗan fa, kamar ƙwayar shinkafa biyu ka baza, domin leɓen waje mai ba ya isa gare shi, giris ɗin ne abincinsa. Kar a cika shi dam, in ya yi yawa zafi yana narkar da shi ya fito waje ka ɗauka yoyo ne, kuma yana kama ƙura. Ni ina ɗan dangwala giris a kan sifirin ɗin ma don ya riƙe shi kar ya yi tsalle ya fita lokacin bugawa, saboda sifirin in ya fita ba ka sani ba, aikin banza aka yi. Bayan sil na waje mai roba ba ya son gam, a goge ramin ya bushe tsaf, in ya yi tauri wajen shiga a ɗan shafa mai kaɗan shi ke nan.

Wajen bugawa a nemi soket ko guntun bututu da faɗinsa ya yi daidai da bakin sil na waje, a ɗora a buga a hankali yana shiga daidai ta ko'ina har ya yi daidai da fuskar ramin. Ba a bin gefe-gefe da sukundireba, ƙarfen cikinsa yana lanƙwashewa, kuma sil da ya shiga a karkace ko da kaɗan ne, gefe ɗaya na leɓen zai ci fiye da ɗaya. Sannan lokacin da za a zura farantin a kan shaf, akwai ramin ki, wato ɗan guntun ƙarfen da ke kulle magneto da shaf, mai kaifi kamar reza, a cire ɗan ki ɗin, a naɗe wurin da salatif ko 'yar leda a shafa mai a kai, a zura ana ɗan juyawa, in ya wuce a zare ledar. Wannan ɗan abin da bai kai minti ɗaya ba shi ne ya raba sil ɗin shekaru da na mako guda.

Abu na ƙarshe, ka duba ɗan tiyo ɗin numfashi da ke fitowa daga saman inji. Kun je bakin ruwa, yara sun shiga laka da shi, in laka ta toshe tiyon iskar cikin inji ba ta da mafita sai ta tura mai ta wurin da ya fi rauni. Ka cire shi ka hura da baki ka ji ko iska tana wucewa. Kuma kar a cika mai ya wuce alamar sama ta sandar awo, injin nan ko lita 1 ba ya shanyewa. In an gama, a wanke, a bar shi ya bushe, a barbaɗa hoda a wurin, a tada shi minti goma a duba. Ka rubuto min yadda aka ƙare.

TAMBAYA: Masta barka da aiki. Babur Boxer nake da ita ina kai kaya Kejetia da Asafo, wajen ƙaramin siroket na gaba kullum jiƙe yake da mai har yana fantsama a ƙafar wandona, na canja sil wata biyu da suka wuce ya sake. Mene ne abin yi?
Daga ɗanka, Sawaba.

AMSA: Ɗana, kafin komai ka tabbatar man inji ne ba man da kake zuba wa sarƙa ba, don da yawa suna zuba tsohon baƙin mai a sarƙa ya taru a cikin murfin siroket yana ɗiga. Ka wanke ka bar sarƙar kwana biyu ba mai ka gani. In na inji ne, ina zargin sarƙarka ta yi tauri da yawa. Masu ɗaukar kaya suna son ɗaure sarƙa tamau wai kar ta faɗi, sai a ɗora buhu biyu a baya, babur ya zauna, sarƙar ta ƙara miƙewa tana jan shaf ɗin baya da ƙarfi, boris ya fara ci, sil ya bi shi. Ka bar mata wasa kamar faɗin yatsa biyu a tsakiya, kuma ka gwada ta lokacin da mutum yake zaune a kai. Ka cire siroket ka duba bayan sa, sau da yawa za ka tarar da zaren buhu ko leda ko gashin kitso sun naɗe a shaf sun shige ƙarƙashin leɓen sun yanka shi, titunanmu ba sa rabo da waɗannan. Haƙoran shaf ɗin nan ma suna da kaifi, a rufe su da salatif kafin a zura sabo kamar yadda na gaya wa ƙanena na Aboabo. Kar ka yi wasa da wannan yoyon, man da ke fita nan tayar baya yake nufa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Masta. Ni mace ce, ina da pragya, wato keke mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja, guda biyu da na ba yara suna min aiki, daga ciki nake biyan kuɗin makarantar marayun da ke hannuna. Ɗaya tana yoyon mai, direban ya ce fita ya ce a sayi gam a shafe wurin, wani kuma ya ce akwai maganin da ake zubawa a cikin mai ya toshe yoyo, wani ma cewa ya yi a ɗiga man birki kaɗan roba za ta kumbura. Ni ban san komai a kan inji ba, kar a cuce ni.
Daga Hajiya, Asawase.

AMSA: Hajiya ina gaisuwa, Allah ya ba da ladan riƙon marayu, ya sa albarka a cikin abin hawan. Maganar man birki ki hana su yau ɗin nan, kar a kai gobe. Gaskiya ne yana sa roba ta kumbura yoyo ya tsaya na ɗan lokaci, amma ba sil ɗaya zai taɓa ba, duk wata roba da ke cikin injin zai bi ya lalata ta, ga shi yana ɓata man kansa, ƙarshe inji za a sauke gaba ɗaya. Maganin toshe yoyo na kwalba shi ma laushi yake sa wa tsohuwar roba, in leɓe ya riga ya yage babu abin da zai yi, kuma a injin da kulocinsa yake wanka a cikin mai ni ba na son a zuba komai ban da man da aka yi domin sa. Gam kuwa yana da wurinsa, wajen haɗa fuska biyu na ƙarfe da ba sa motsi, amma shaf juyawa yake, ba a liƙe abu mai juyawa da gam. Mafi muni in an cika shi, guntayensa suna ɓallewa su faɗa ciki su toshe rariyar mai, kan inji ya rasa mai.

Abin da zan ba ki shawara, ki sa a wanke injin a gano ainihin inda man yake fitowa, don mai yana gangarowa ne daga sama, wani lokaci gaskit ɗin murfin kai ne yake yoyo a ɗora wa sil na ƙasa laifi. In sil ne a canja shi, kuɗinsa yawanci bai kai na lita ɗaya ta baƙin mai ba, aikin ne yake da ɗan kuɗi. Ki ce a kawo miki tsohon da aka cire ki gani da idonki, da ledar sabon. Akwai baƙi na gama-gari wanda yake jure zafi har wajen digiri 100, akwai kuma wanda ake kira Viton, galibi ruwan ƙasa ne, yana kai wa wajen digiri 200, ya fi tsada amma ga pragya da ke wuni cikin go-sulo daga Aboabo zuwa Tafo injin na baya ba ya samun iska sosai, in an samu na gaske a wajen kirankishaf ya cancanci kuɗinsa. Sai dai launi kaɗai ba shaida ba ne, a saya wurin mai shagon da aka sani. Kuma ki sa wa direbobin doka, kowace safiya kafin su tada inji su zaro sandar awo su duba mai, ko da kuwa babu ɗigo a ƙasa.

TAMBAYA: Masta ina da tsohon babur mai shan mai haɗe da fetur irin na tsere a daji, in na tada shi sai ya yi ta ƙara shi kaɗai ba ya sauka, an wanke kafireto sau uku. Wani ya ce sil ne, alhali ban ga ɗigon mai ko ɗaya ba. Zai yiwu?
Daga Nima, Accra.

AMSA: Zai yiwu ƙwarai ɗan'uwa, wanda ya gaya maka ya san aiki. A irin wannan injin sil ɗin kirankishaf ba mai kaɗai yake tarewa ba, iska yake tarewa, domin fetur da iska ta cikin ɗakin kirankishaf suke bi kafin su hau sama. In na gefen magneto ya mutu sai inji ya riƙa zuƙar iska ta nan, fetur ya yi masa kaɗan, shi ya sa yake ƙara shi kaɗai yana zafi, kuma in ka ci gaba da hawa fistin zai kama. In na gefen kuloci ne kuwa man giya yake zuƙa, za ka ga hayaƙi mai kauri ya ƙaru, fulogi yana jiƙewa, man giya yana raguwa ba tare da ka ga inda ya zuba ba. Ka zare fulogi ka duba, in bakinsa fari ne fat kamar toka to iska tana shiga. Ka duba robar da ta haɗa kafireto da inji tukuna ko ta tsage, don ita ma haka take yi kuma ta fi sauƙin canji. In lafiya take, ka ajiye babur ɗin kar ka sake tada shi, ka je kasuwar kayan gyara ta Abossey Okai da tsofaffin sil ɗin a hannu a canja duka biyun lokaci ɗaya, a shafa wa leɓɓan man da kake haɗawa da fetur kafin a zura su.